Kushewa da Kufai a Arewacin Zamfara

A ƙasar Zurmi, a garin da ake kira Dutsi, akwai waɗansu manyan tuddai na ƙasa waɗanda ruwayar Zamfarawa ta ce kusheyin sarakunansu na farko ne, wato kaburburan Dakka da Jatau da Jimir Dakka da Kokai Kokai da Dudufani, tare da wata mace da wasu lissafin sarauta ke kira Algoje, wasu kuma 'Yargoje. Ruwayar ta siffanta waɗannan mutane da cewa samudawa ne kuma maharba, masu tsawo da ƙarfin da ya wuce na mutanen yanzu, kuma girman tuddan da kansa shi ake kafa hujja da shi wajen tabbatar da wannan magana. Bajamushen nan Kurt Krieger, wanda ya wallafa littafinsa na tarihin Zamfara a Balin a 1959, da Garba Nadama, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan kafuwar daular da rushewarta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 kafin ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, duka daga Dutsi suka faro labarin. Shekarun da ake danganta wa waɗannan sarakuna daga lissafin sarauta aka ciro su, ta hanyar ƙirga zamanin kowane sarki a koma baya, saboda haka ne wasu suka ajiye ƙaurar sarauta daga Dutsi zuwa Birnin Zamfara a wajen shekarar 1300, a zamanin Sarki Bakurukuru, yayin da wasu suka fi karkata ga ƙarni na 15 ko na 16. Ko wanne aka ɗauka, tuddan Dutsi suna cikin tsofaffin alamomin da mutum zai iya tsayawa a gabansu ya ce nan sarautar Zamfara ta soma, kuma duk da haka ba sa cikin jerin wuraren tarihin da dokar Nijeriya ta ayyana ta kuma ɗauki nauyin kare su.

Domin a gane girman wannan giɓi, yana da amfani a dubi yadda wasu ƙasashe suka yi da irin waɗannan ƙananan alamomi na karkara. A Turai, daga wajen ƙarni na 9 zuwa na 15, an riƙa sassaƙa gicciye na dutse ana kafawa a bakin hanya, a mararraba, a mashigin rafi, ko a kan hanyar da ake bi da gawa zuwa majami'a, domin matafiyi ya san bai ɓata ba kuma ya tuna da addininsa. A Ingila an san fiye da 350 na irin wannan, mafi yawansu a kudu maso yamma, a yankin Cornwall da tuddan Dartmoor, kuma a ƙasar Jamus akwai wani nau'i da ake tilasta wa wanda ya yi kisan kai ya kafa a inda ya zubar da jinin, a matsayin wani ɓangare na sulhu da dangin mamaci. Da yawansu ba su fi tsayin mutum ba, ba su da rubutu, ba a san wanda ya sassaƙa su ba, amma tun daga dokar farko ta kare kayan tarihi ta 1882 har zuwa ta 1979, Birtaniya ta gina tsarin da ake shigar da irin wannan dutse cikin rajista, a rubuta inda yake da siffarsa, ta yadda mai gonar da dutsen yake ciki ba shi da ikon ya tumɓuke shi ko ya gusar da shi sai da izinin hukuma. Abin lura a nan shi ne darajar da aka ba ƙaramin abu wanda ke nesa da fada da birni, ba don kyawunsa ba, sai don yana nuna inda tsohuwar hanya ta bi da yadda mutanen ƙauye suka fahimci ƙasarsu.

Ƙasar Hausa ba ta bar sassaƙaƙƙen dutse a bakin hanya ba, kuma dalilan haka a fili suke. Da ƙasa ake gini, da tubali da makuba da azara, sannan Musulunci, wanda ya daɗe da shiga fadojin sarakuna, bai ƙarfafa ɗaga kabari ko kafa siffa ba. Amma buƙatar da gicciyen Turai ya biya, ta nuna hanya da tuna mamaci da shata iyaka, ta wanzu a nan kamar yadda ta wanzu a can, sai dai da wasu abubuwa aka biya ta. Fatake da ayarin jakuna suna gane zango da tsohuwar kuka ko tsamiya ko rijiya, ana gane iyakar gari da gari da jerin itatuwa ko wani fitaccen dutse, ana kuma gane inda wani babba ya kwanta da tudun ƙasa ko tarin duwatsu ko kewayen ƙaya. A watan Maris na 1853 Baturen nan matafiyi Heinrich Barth ya bi irin wannan hanya daga Katsina zuwa Wurno, ya ratsa ta Zurmi da Dutsi da Badarawa da Sansanin Isa kafin ya shiga dajin Gundumi, kuma tun kafinsa wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, ya sauka a Zurmi a 1824. Garuruwan da suka ambata suna nan a tsakanin gulbin Bunsuru da gulbin Gagare, cikin ƙasar da yau ta kasu tsakanin ƙananan hukumomin Zurmi da Ƙaura Namoda da Shinkafi da Isa, kuma duk wanda ya jera kufai da tsofaffin rijiyoyin wannan yanki a kan taswira zai ga tsohuwar hanyar Katsina zuwa Sakkwato ta fito da kanta.

Kufai shi ne wurin da gari ya taɓa zama sannan aka tashi, kuma manomin wannan yanki ba ya buƙatar masani ya nuna masa shi. Alama ta farko ita ce kukoki da suka yi cincirindo a fili guda alhali babu gida ko ɗaya a kusa, domin kuka tana bin mazaunin mutane saboda miyarta da 'ya'yanta da ɓawonta da ake igiya da shi, kuma tana daɗewa bayan masu ita sun shuɗe. Idan aka matsa kusa, sai a tarar ƙasar wurin ta fi ta kewaye duhu da laushi saboda toka da juji na shekaru masu yawa, shi ya sa gero da dawa suke yin kyau a kufai fiye da ko'ina. Bayan ruwan farko, tsingaro kan fito a bayan kunya, wani da zanen da aka yi masa da igiya tun yumɓun yana ɗanye, wani kuma bakin tulu ne mai kauri wanda ba a gina irinsa yanzu. Garma takan tono dutsen niƙa da ɗansa, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda yawan aiki, da kashin maƙera, wato baƙin dunƙulen da ke saura bayan an narka tama, da gululun mazari na yumɓu, wani lokaci har da bakin rijiyar marina da aka shafe da katsi. Waɗannan su ne takardun garin da ya mutu, kuma kowace damina huɗa tana juya su tana farfasa su, har tsarin da suke kwance a cikin ƙasa, wanda shi ne ke nuna abin da ya riga wani, ya rikice.

Ganuwa kuwa labarinta ya fi bayyana. Ana gina ta da ƙasar da aka haƙo daga gefenta na waje, saboda haka ramin da ya saura, wanda ake kira gwalalo, shi ma kariya ne, musamman idan aka bar sarƙaƙiya ta cika shi. Gindinta yana da faɗi ƙwarai, tana sirancewa zuwa sama, kuma ba ta rayuwa sai da gyara, domin kowace damina tana zaizaye ta. A zamanin da, bayan an gama kaka, sarki kan sa a yi shela, kowace unguwa da kowane ƙauye da ke fakewa cikin birnin lokacin yaƙi su fito su ɗauki rabonsu na yaɓe, da kiɗa da abinci kamar kowane aikin gayya. Wannan wajibi ya tsaya ne a kan tsoron hari, kuma da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 yaƙe-yaƙen tsakanin garuruwa suka ƙare, sai dalilin gyaran ya tafi, ganuwa ta koma dogon tudu wanda awaki ke hawa, magina kuma suna ɗibar ƙasarta saboda ta riga ta kwaɓu tun tuni. Wanda ya yi tubali da ƙasar ganuwa bai ɗauki kansa mai ɓarna ba, yana ganin ƙasa ce mai kyau wadda ba ta da mai ita, kuma a wannan rashin mai ita ne matsalar take.

Yankin da ake magana a kansa ya tara kufai na zamani uku, ɗaya a kan ɗaya. Na farko shi ne na Zamfarawa, daga Dutsi zuwa Birnin Zamfara, wanda kangonsa yake kusa da garin Isa, kuma ruwaya ta ce ganuwarsa tana da ƙofofi 50. Na biyu shi ne na Gobirawa, waɗanda suka gangaro daga arewa a ƙarni na 18, Sarkin Zamfara ya ba su izinin zama a gonar alƙalinsa, inda daga baya birnin Alƙalawa ya tashi, har Sarkin Gobir Babari ya juya ya ci Birnin Zamfara da yaƙi a wajen 1762. Sarki Mairoƙi ya tsere zuwa Kiyawa, kuma daga nan gidan sarautar ya yi ta sauya mazauni na tsawon shekaru kafin ya zauna a Anka. Na uku shi ne na zamanin jihadi, lokacin da Fulanin Alibawa na wannan ƙasa suka mara wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo baya, Abu Hamidu ya zama tushen sarautar Zurmi, Muhammadu Namoda kuma ya jagoranci rundunar da ta karya Abzinawa da abokansu a Fafara kusa da Zurmi a 1806, ya kuma kasance cikin manyan jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, inda Sarkin Gobir Yunfa ya rasa ransa. Namoda da kansa a yaƙin Kiyawa ya rasu ba da daɗewa ba bayan haka, kabarinsa yana Ƙaura Namoda, kuma har yau sarautar garin Sarkin Kiyawa ake kiranta, kamar yadda Zurmi da Anka kowannensu yake riƙe da sarautar Sarkin Zamfara.

Daga wannan taƙaitaccen jeri ana iya ganin wata wahala da ba kasafai ake ambatonta ba. Kowane zamani ya tashi ne a kan rushewar wanda ya gabace shi, saboda haka waɗanda suka gaji iko a kan ƙasar ba lalle ne su zama zuriyar waɗanda suke kwance a cikinta ba. Kusheyin Dutsi suna ƙasar Zurmi, amma gidan sarautar da ke jingina asalinsa da su yana Anka, can kudu maso yamma. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, sai iyaka ta bar kangon Birnin Zamfara da na Alƙalawa a Jihar Sakkwato, wato babban birnin daular da jihar ta ɗauki sunanta yana wajen jihar. Kabarin Namoda ya fi sauran samun kulawa domin yana cikin gari kuma zuriyarsa ke sarauta, wanda hakan yake nuna cewa abin da ya fi kare alamar tarihi a wannan ƙasa shi ne ta kasance tana da magaji a kusa da ita.

Abin da ya tsare sauran alamomin na tsawon ƙarnoni kuwa shi ne kwarjini. A ko'ina cikin ƙasar Hausa an daɗe ana ɗaukar tsohuwar kushewa da kufai da babbar tsamiya a matsayin mazaunin iskoki, ba a sare itacen wurin, ba a noma kan tudun, yara ba sa zuwa da tsakar rana ko da almuru, wasu kuma sukan kai sadaka ko su yi yanka domin neman ruwa ko haihuwa. Wannan imani, ko mene ne hukuncinsa a addini, ya yi aikin da shinge da mai gadi suke yi a wasu ƙasashe. Malamai kuwa tun da wuri suka yi yaƙi da shi. Tarihin Kano ya ruwaito sare itacen tsafi da gina masallaci a gurbinsa, kuma Shehu Usmanu, wanda ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara a wajen ƙarshen shekarun 1780, ya yi suka mai ƙarfi a littattafansa irin su Nurul Albab da Ihya'us Sunna a kan girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka. Wannan batu yana cikin abubuwan da Muhammadu Bello da Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Barno suka yi musayar wasiƙu a kansu, kamar yadda Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri. Duk da haka daular da jihadin ya kafa ba ta shafe kaburbura ba, hasali ma Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda aka binne shi a 1817, da kabarin Bello a Wurno, inda ya rasu a 1837, sun zama wuraren ziyara. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, mahawara a kan ziyarar kaburbura da neman tabarruki ta sake zafi har ta shiga ƙauyuka.

Sakamakon wannan sauyi a kan kayan tarihi abu ne da ya kamata a faɗe shi ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Wa'azin ya kawar da yanka da camfi, abin da masu wa'azin suka nufa ke nan, amma ya tafi har da shingen da ya hana garma da gatari shiga, kuma ba a kawo wani shinge a madadinsa ba. Da yawa daga cikin mutanen karkara sun tashi da fahimtar cewa kula da tsohuwar kushewa wani reshe ne na maguzanci, alhali bambanci tsakanin bauta wa wuri da adana shi domin ilimi bambanci ne da malaman Musulunci suka sani sarai, tun da Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya cikin ƙasa a dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kuma ba a duban abin da aka riga aka shafe. Fiƙihu ma ya hana tone kabari da wulaƙanta shi. Saboda haka hujjar adana Dutsi tana nan cikin karatun da malaman Zurmi da Shinkafi da Ƙaura suke karantarwa, ba sai an aro ta daga waje ba.

Ta fuskar doka, Nijeriya ba ta makara sosai ba. An naɗa Kenneth Murray mai binciken kayan tarihi na farko a 1943, aka buɗe gidan tarihi na Esie a 1945 da na Jos a 1952, aka kafa dokar kayan tarihi a 1953, sannan doka ta 77 ta 1979 ta haifar da Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa. Hanyar da dokar ta shata ita ce hukumar ta buga sanarwa a jaridar gwamnati cewa tana nufin ayyana wani wuri, a saurari masu ƙorafi, sannan shugaban ƙasa ya tabbatar, daga nan taɓa wurin ba da izini ba ya zama laifi. Wuraren da aka ayyana ta wannan hanya sun daɗe a kan 65, mafi yawansu tun shekarun 1950 da 1960. Jerin yana nuna cewa masu aikin na farko sun fahimci darajar ƙaramar alamar karkara, domin ban da Gidan Makama na Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina da ganuwar Zariya, sun saka tarin duwatsun da ke gindin Panshanu a bakin hanyar Jos zuwa Bauci, da zanen kan dutse na Birnin Kudu, da sassaƙaƙƙun duwatsun yankin Ikom, da tuddan Durɓi ta Kusheyi. A tsohon lardin Sakkwato kuwa Surame, birnin Kanta na Kabi, shi ne ya samu shiga a 1964, kuma an sa shi cikin jerin share fage na hukumar UNESCO a 2007, kamar yadda aka sa Kuyambana ta kudancin Zamfara a 1995. Arewacin Zamfara bai samu ko ɗaya ba. Ko da ma ya samu, tarar da dokar 1979 ta yanka wa mai rusa wurin tarihi, naira 1,000 ko ninkin darajar abin, ta zama abin dariya a kuɗin yau, kuma dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen karkara a hannun ƙananan hukumomi, waɗanda ba su da wani jami'i da aikinsa shi ne ya san inda kufai yake kafin a yanka fuloti.

Durɓi ta Kusheyi, a ƙasar Mani ta Jihar Katsina, ita ce ta nuna abin da irin tuddan Dutsi za su iya ƙunsa. Su ma tuddai ne da ruwaya ta ce kusheyin sarakunan farko ne, na gidan Durɓawa. Baturen nan H. R. Palmer ya tona wasu a 1907, sannan a 1991 da 1992 masana daga Jamus tare da hukumar gidajen tarihi suka tona wasu uku, aka kai abin da aka samu birnin Mainz aka tsabtace shi aka yi nazarinsa. An tarar da mamatan tare da kayan tagulla da na zinariya da hauren giwa da wuri da duwatsun ado, har da kwanon ƙarfe ƙirar ƙasashen Musulmi na gabas, kuma awon da aka yi ya sa kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Wannan bincike ya tabbatar da cewa masu mulkin ƙasar Hausa na wancan zamani suna cikin cinikin da ya ƙetare Sahara, ya kuma nuna cewa ruwayar baka da ta nuna wurin ba tatsuniya ba ce zalla. Sai dai labarin irin wannan dukiya yana da nasa haɗarin. A shekarun 1990 masu haƙar sata sun farfashe wurare da dama a arewa maso yamma, har da yankin Kwatarkwashi, suna neman mutum-mutumin yumɓu na zamanin da, waɗanda aka yi ta sayarwa a Turai da sunan kayan Sakkwato da Katsina, abin da ya sa Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta saka su cikin jerinta na kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Abin da aka fitar ta wannan hanya ya rasa mafi yawan amfaninsa ga tarihi, tun da ba a san zurfin da aka same shi ba ko abin da ke kwance kusa da shi.

Sauyin hanyoyi ma ya taka rawarsa. Da layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura Namoda a 1929, gyaɗa da auduga da fatu suka koma bin jirgi zuwa kudu, daga baya kuma titin mota ya ɗauke ragowar zirga-zirgar, kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta ci gaba da bunƙasa da motoci daga Nijar da kudancin Nijeriya, zangunan fatake da rijiyoyinsu suka koma cikin gonaki inda ba mai bi ta kansu.

Babbar barazana ta yanzu ita ce rashin tsaro. Tun daga farkon shekarun 2010 hare-haren 'yan bindiga suka addabi wannan yanki, dazuzzukan Dumburum da Sububu suka zama maɓoyarsu, hanyoyin Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi zuwa Jibiya suka zama abin fargaba, har a watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar aka kuma rufe kasuwannin mako. Ƙauyuka da dama sun watse, wato ana yin sabbin kufai a kan tsofaffi. Asarar rayuka da dukiya ita ce gaba da komai, kuma ba daidai ba ne a jera ta da asarar tudun ƙasa. Amma akwai wata asara da ke tafiya tare da ita a ɓoye, domin tudun Dutsi ko kangon Kiyawa ba su da rubutu a jikinsu, sunansu da labarinsu suna bakin dattawan da suka girma a gefensu ne, kuma idan dattijon ya yi gudun hijira zuwa Gusau ko Maraɗi ya rasu a can, tudun zai iya zama a wurinsa shekara ɗari nan gaba ba tare da an san na wane ne ba. A wannan fuska alamar ƙasar Hausa ta fi gicciyen Turai rauni, tun da shi siffarsa kaɗai ta isa ta faɗi abin da yake.

Saboda haka aikin da ya fi gaggawa ba ya buƙatar a jira zaman lafiya ko sa hannun shugaban ƙasa. Dattawan da suka san waɗannan wurare da yawansu yanzu suna cikin garuruwan Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, inda za a iya zama da su a naɗi maganarsu, kuma hotunan tauraron ɗan'adam da kowa ke iya buɗewa a waya suna nuna zoben tsohuwar ganuwa da gwalalonta ko da an nome ta. Majalisun masarautun nan uku suna da hakimai da dagatai da masu unguwanni waɗanda ba gonar da ba su san mai ita ba, kuma Jami'ar Tarayya ta Gusau da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sashen nazarin kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello suna da ɗaliban da ke neman abin rubuta kundi. Ya kamata kowace masarauta ta buɗe littafi guda, a rubuta sunan kowace kushewa da kufai da ganuwa da tsohuwar rijiya da ke ƙasarta, da gonar da take ciki, da abin da ake faɗa a kanta da wanda ya faɗa, a kai kwafi ga ƙaramar hukuma domin kada a yanka wurin, wani kwafin kuma ga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa tare da buƙatar a ayyana kusheyin Dutsi.